Mutuwar Inna Tela a Shafi na Sha Ɗaya

Inna Tela ta mutu ranar Litinin da safe, a shafi na sha ɗaya, kuma duk layin sun riga ta jin labari.

Mai aski ne ya kawo mata shi. Shagonsa na manne da nata, kuma kullum kafin ya kunna injinsa sai ya leƙo ya zura mata zare a allurar keke, ya zura wa 'yan alluran hannu, ya sossoke su a jikin ɗan soson da ke gefen almakashi. Yanar ido ce ta sa ta a gaba. Hannunta ya san hanyar ɗinki ko da an rufe mata fuska, amma kafar allura ta daɗe da ɓace mata. Likita ya ce ranar Alhamis za a yi mata aiki, ya ce kuma ta zo da wanda zai riƙe mata hannu zuwa gida, domin da ido a naɗe za ta fito. Mutum ɗaya take so ya riƙe hannun nan, autanta, wanda ke aikin zane a wata mujalla can tsakiyar gari. To, Auta bai ma san da maganar ba. In ta kira shi sai wayar ta yi ta ƙara har ta gaji, can sai saƙo ya shigo, mai aski ya karanta mata: "Inna ina tsakiyar aiki, zan kira." Mai aski ya sha cewa ta bari ya rubuta masa komai a saƙo. Ta ƙi. Ɗan da ta goya tana taka keke, ba za ta roƙe shi ta yatsun maƙwabci ba.

A safiyar nan mai aski ya shigo da fuskar tausayi, hula a hannu, mujalla a hammata.

"Inna, ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya ji ƙanki. Wallahi ke mutuniyar kirki ce."

"Kai, me ka sha da sassafen nan?"

"Ni ban sha komai ba. Ga shi nan a rubuce, har da hoto."

Kowa a layin ya san Tartsatsi. Shi ne jarumin da Auta ya ƙirƙira yake zana labarinsa wata-wata: ƙato mai faɗin ƙirji, jan mayafi na kaɗawa a bayansa, baƙin ƙyalle ya rufe rabin fuskarsa, wutar lantarki na fita daga tafin hannunsa. Ya tare jirgin ƙasa da ya ƙwace, ya riƙe gada da kafaɗa har motoci suka gama wucewa. Abin da ba a taɓa faɗa ba shi ne inda ya samo wannan ƙarfi, sai a fitowar wannan watan.

Inna ta fito bakin ƙofa inda rana ke dukan bango, ta runtse idon da ya fi lalacewa, ta kawo shafin har yana gogar hancinta. Tawadar baƙa ce wuluk, mai kauri, don haka ta gani. Wata mata ce zaune gaban keken ɗinki, da tef rataye a wuya, da wushirya, da tabo a girar hagu, da ɗaurin ɗankwali da ya karkace gefe guda. Matar ta manta dutsen guga a jone, labule ya kama, shago ya turnuƙe. Ga ta nan kwance ƙarƙashin teburin yanka, hannu a miƙe, tana ihun "Wayyo ɗana!" Ɗan ya iso a guje, a makare, ya damƙi wayar wutar da hannu biyu zai fizge ta, wutar ta ratsa shi har ƙashi. Da ya farfaɗo ya tashi da ƙarfin da ba na mutane ba, amma uwa ta riga ta cika. A shafi na gaba ya ɗora kanta a cinyarsa yana kuka, kukan da ya cinye rabin shafi.

Wannan rabin shafin Inna ta fi daɗewa tana kallo. Mutuwar ba ta tsorata ta ba, ta san ba a mutuwa da tawada. Abin da ya sosa mata rai shi ne ɗan cikin takarda ya samu sukunin zuwa ya zauna, ya riƙe kan uwarsa, nata kuwa rabon da ya tako shagon nan tun idonta na gani garau. Sai ta ji tana kishin gawar.

Kafin hantsi labari ya gama layi. Mai gyaran waya ya leƙo ya ce, "Ina kwana, marigayiya." Wata mata ta zo ta karɓe yadinta da ba a ko yanka ba, wai ba don komai ba, amma ta ji an ce shagon na yawan kamawa da wuta. Nan haƙurin Inna ya ƙare. Ta tura mujallar cikin jaka, ta garƙame shago, ta ce wa mai aski ya sa mata ido.

"Ina zuwa kuma, Inna?"

"Zan je in ga wanda ya kashe ni."

Ofishin mujallar na saman wani shagon sayar da taya. Inna ta sauka daga bas, ta laluba ƙarfen bene ta hau a hankali, ta tsaya a saman ta gyara ɗankwali don kada a ga haki a fuskarta, sannan ta tura ƙofa. Ɗaki ne dogo mai warin tawada, da tebura masu karkataccen sama, da takardu manne a bango har rufi. Wata siririyar mata mai waya a kowane hannu tana tsaye tana ba da umarni. Ita ce edita. Ta juyo, ta ga mai wushirya da tabo a gira tsaye a ƙofa, sai ta saki ƙara, waya ɗaya ta faɗi. Mai shafa launi, wani dattijo da ya kwana biyu yana zuba wa gawar nan ja da ruwan toka, ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Inna. "Da ƙafata na zo. Ina Auta?"

Auta na can ƙarshen ɗaki, ya yi ƙasa da kai bayan teburinsa kamar mai neman abin da ya faɗi. Ba ta ga fuskarsa ba, amma ta gane zaman, haka yake yi tun yana ƙarami in ya fasa kofi. Ya taso yana sosa ƙeya, ya durƙusa ya gaishe ta, ya jawo mata kujerarsa.

"Inna, da kin faɗa min za ki zo ai da na…"

Ta zaro mujallar ta dire a kan teburin, garin goge-goge ya tashi.

"Wace ce wannan?"

"Uwar Tartsatsi ce, Inna. Ba ke ba ce."

"Wushiryar ta wa ce?"

"Mata da yawa na da wushirya."

"Tabon fa? Mata da yawa ne murfin keke ya faɗo musu a gira?"

Auta ya ɗauki mujallar ya ƙura mata ido, kuma abin haushin, da gaske mamaki yake yi. Ya rantse bai yi niyya ba. An ce masa ya zana uwa, ya ɗora fensir, abin da hannu ya fitar ke nan. Inna ta ji wani abu ya ɗan yi sanyi a ƙirjinta, amma ba ta hau bas ta hau bene don a lallashe ta da magana ɗaya ba.

"To ji nan. Na ɗaya, tunda nake ban taɓa barin dutsen guga a jone ba, ka je ka tambaya. Yau an karɓe min yadi saboda ƙaryarka. Na biyu, wuta ta kama shagona, ga bokitin ruwa ga ƙofa, sai in kwanta ƙarƙashin tebur ina wayyo? Ni?"

Edita ta tsince wayarta, ta matso da murmushin masu sayar da kaya.

"Mama, ki yi haƙuri, ƙa'idar sana'ar ce. Jarumi ba ya tashi haka siddan. Sai an raba shi da wani abu mai tsada, zuciyarsa ta tafasa, sannan ya fita ceton mutane."

"To ku raba shi da babur mana. Ku kore shi daga aiki. Sai uwa?"

"Uwa ta fi taɓa zuciya, Mama. Mutane sun yi kuka. Ko kwafi ɗaya bai rage a kasuwa ba."

"Ubansa fa? Ba shi da uba ne?"

Auta ya yi ƙasa da murya. "Inna, Baba ai ya riga ya rasu. Sai na ga bai kamata in taɓa shi ba."

"Au! Wanda ya mutu kake jin nauyi. Ni da nake raye ce ta banza."

Mai shafa launi ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Kuma 'yata," Inna ta ci gaba, "in asalin wutar nan kike nema, ni zan faɗa miki, don a gabana aka yi. Yana ɗan mitsitsi ya ɗauki ƙaramin almakashina ya cusa a ramin soket. Wuta ta yi jifa da shi har cikin kwandon ƙyallaye. Ƙarfin da ya samu a ranar shi ne na ihu, sai yatsa da ya ƙone, sai dukan da na ƙara masa bayan na tabbatar yana numfashi. Ga asalin Tartsatsinku nan tsaye yana sosa ƙeya."

Wannan karon har edita sai da ta dafa tebur. Auta ya yi tsuru-tsuru, ya tura hannun dama cikin aljihu.

Da dariya ta lafa, Inna ta gyara zama, ta ɗora jaka a cinya, ta ce ba inda za ta sai an tashe ta. Yadda aka kashe ta a gaban jama'a, haka za a dawo da ita a gaban jama'a. Edita ta dubi agogo, ta dubi Inna, ta gane cewa wannan zaman ba na tashi ba ne. Sai aka shiga neman dabara.

Mai shafa launi ya ce a mayar da abin mafarki: Tartsatsi ya farka ya ga uwarsa na shara. Edita ta ce masu karatu za su ƙone ofishin, sun riga sun zubar da hawayensu. Ita ta kawo shawarar tagwaye, a ce wadda ta mutu 'yar'uwar uwar ce. Inna ta ce ba za ta tsira da ran 'yar'uwarta ba, ko da ta ƙarya ce. Auta ya ce to a bar ta a mace, amma ta riƙa bayyana a cikin gajimare tana ba jarumin shawara duk lokacin da ya shiga uku.

"Ina ƙasa, ga waya a hannunka, ba ka ji shawarata ba," in ji Inna. "Sai na hau gajimare?"

Inna ta ji maganar ta fi yadda ta yi niyya nauyi, sai ta yi sauri ta kawo tata dabarar.

"Ku da kuke zana shagon tela, ba ku san abin da ke cikin shagon tela ba? Akwai mutum-mutumin da muke rataya wa riga mu ga zamanta. Nawa har ɗankwali nake ɗaura masa in na gaji da shi a kai. Matar nan ta fita ta ƙofar baya sayen zare. Hayaƙi ya cika ɗaki, yaro ya shigo a rikice, ya ga abu kwance da ɗankwali, ya rungume. Yana cikin kuka, jama'a sun taru, sai ga uwarsa ta shawo kwana da ledar zare."

"Amma ihun fa, Mama? An rubuta ta ce wayyo ɗana."

"Maƙwabciya ce. Kowane layi da mai irin wannan ihun."

Edita ta ajiye wayoyin duka biyu, abin da ma'aikatanta suka ce ba su taɓa gani ba. "To in uwar na raye, me zai tafasa masa zuciya? Me zai sa ya rufe fuska ya shiga gari?"

"Kunya," in ji Inna. "Ƙato kamar wannan ya yi kukan rabin shafi a kan katako da soso, a gaban 'yan layinsu. Ke in ke ce za ki sake fita da fuska a buɗe? Dole ya ɗaura ƙyalle. Kuma dole ya yi ta ceton mutane har a manta."

Edita ta yi tafi. Ta ce wannan ya fi mutuwar, za a buga shi a fitowa ta gaba, a sa matar da ledarta a bangon mujalla. Mai shafa launi ya tambaya ko wane launi Inna ke so a yi wa rigarta, ta ce kowanne ban da ruwan toka, ta gaji da shi.

Auta ya riga ya jawo takarda. In yana zane ba ya jin kira, wannan ta sani tun da daɗewa. Ta zauna tana sauraron kan fensirin na ƙasƙas a kan takarda, tana jin ƙamshin sabulunsa, irin wanda take saya masa tun yana makaranta. Daɗi ya kama ta. Ga shi kusa da ita, in ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗarsa. Maganar Alhamis ta zo mata har maƙogwaro, ta dubi inuwar mutanen da ke tsaye kansu, ta haɗiye.

"Ga shi, Inna. Duba ki gani ko na wanke laifina."

Ya tura zanen gabanta, cikin sauran takardun da ke kan teburin. Da siririn fensir ya yi shi, irin layin farko da ake yi kafin a bi da tawada. Inna ta duba teburin, ta ga fari a kan fari. A shago da ta kai shi bakin ƙofa ta manna a hanci, amma a nan, gaban edita da ma'aikata, bayan duk cika bakin da ta yi? Ta miƙa hannu ta ɗauki takardar da ta fi kusa, ta riƙe ta nesa kamar mai lafiyar ido, ta karkata kai.

"Ba laifi," ta ce. "Amma ka rage min tsawo. Kuma ledar ta yi ƙanƙanta."

Babu wanda ya yi dariya. Ta ji mai shafa launi ya ja ƙafa ya koma wurinsa.

"Inna," in ji Auta a hankali. "Babu komai a wannan takardar."

Ta ajiye ta. Auta ya zagayo ya durƙusa a gabanta, ya kawo fuskarsa kusa, kusa sosai, har ta ga idanunsa. Kallonta yake, irin kallon da yake wa abin da zai zana. Ta san abin da yake gani: farin da ya lulluɓe ƙwayar idon, da furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, da kumatun da suka faɗa. Matar da ya zana a mujalla ta girme shi ne kawai da kaɗan. Wannan ta gabansa tsohuwa ce.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"A haka kika hau bas? A haka kika hau benen nan?"

"Da ƙafa ake hawa, ba da ido ba."

"Inna."

Ta sauke numfashi. "Ranar Alhamis za su yi aikin. Likita ya ce abu ne mai sauƙi, kankarewa kawai za su yi. Sai dai ya ce in zo da wanda zai riƙe min hannu zuwa gida." Ta gyara riƙon jakarta. "Kuma tsoro nake ji, Auta. Ban taɓa kwanciya an taɓa min ido ba."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na kira."

Ta ji ya ɗora goshinsa a kan gwiwarta, ta ji ɗumin numfashinsa ta cikin zane, kafaɗunsa suka fara motsi. Ta dafa kansa, ta bar shi kaɗan, sannan ta ɗan ja masa kunne.

"Kai, tashi. Ka riga ka yi na rabin shafi, ya isa. Mutane na kallo."

Ya miƙe yana goge fuska da hannun riga. Ya rufe kwalbar tawada, ya ɗauki jakarta ya rataya a kafaɗarsa, ya ce wa edita ba zai shigo ba sai wani makon. Edita ta buɗe baki za ta yi maganar ranar kai aiki wurin bugawa, ta dubi Inna, ta rufe. Sai kawai ta tambaya ko a ba wani ya ƙarasa zanen, don a samu a tashi Mama a fitowar nan.

"A'a," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Ku bar ni a macen tukuna. Sai an buɗe min ido na ga abin da yaron nan zai zana, don ban yarda da shi ba."

A bakin bene ta miƙa hannu za ta laluba ƙarfe, sai ta ci karo da hannunsa yana jira. Ta kama.

"A hankali," ta ce. "Kuma ka riƙa faɗa min in mun zo taki na ƙarshe."